Murfin Akwatin Magani

Litinin

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, da kuma sauran hankalinki. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na rubuto ne saboda waya ba ta da amfani a tsakaninmu. Kafin in kai tsakiyar magana kin ce, "Mama, ana jirana a taro." Takarda kuwa ba ki da yadda za ki katse ta. Na ba direban motar da ke zuwa wajenku, na ce masa hannu da hannu.

Yayanki ya gaya mini akwatin maganin nan da kamfaninku ya fitar, mai ƙararrawar da ke tuna wa tsofaffi lokacin shan ƙwaya, mutane na ta mayar da shi shaguna, wai murfin ba ya buɗuwa. Wannan bai tayar mini da hankali ba, kowane aiki da ranar da yake ba mai shi kunya. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ya ce ya ji da kunnensa kina cewa laifin Injiniya ne, kuma ranar Alhamis ta sama za ki maimaita haka a gaban shugabanninku don su sallame shi.

Wane Injiniya? Mutumin nan mai sanƙo da kika zo da shi gidan nan, ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya ga keken ɗinkina ya tsuguna ya gyara masa feda ba wanda ya sa shi? Shi za ki tura waje?

Ranar da aka ba ki matsayin nan na tambaye ki mene ne aikin. Kika ce ba ke ke zana kaya ba, ba ke ke ƙera shi ba, ba kuma ke ke sayar da shi ba. Gwaggonki ta ce, "To ashe albashin ɗumama kujera ake ba ta." Kika yi dariya, kika ce a'a, ke ce ke tsayawa tsakanin masu ƙerawa da masu saye. Ki gano abin da mutane ke buƙata, ki ce a yi wannan a bar wancan, kuma ba abin da zai fita kasuwa sai da sa hannunki. Na riƙe wannan maganar. Wadda ba a fitar da kaya sai da hannunta ba ta da bakin cewa laifin wani ne ranar da kayan ya dawo.

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinki, akwai lokacin da mata huɗu ke aiki a ƙarƙashina. Ban taɓa ce wa mai kaya "wance ce ta yanka" ba. Shagona ne, sunana ne a ƙofa. Kuma tun kina ƙarama kin ga yadda nake yi. Mace za ta shigo ta ce ƙugunta talatin da huɗu ne. Ki ce to, ki yi mata murmushi, ki ɗauko abin awo. Ba raini ba ne, aikin kenan. Mai riƙe da aiki irin naki sai ta iya saurare, ta iya dubawa da idonta, ta iya cewa a'a ko da ran shugaba zai ɓaci. Fiye da komai kuma ta zama mai gaskiya. Ban tarbiyyantar da ke a kan ƙarya ba, ko ƙarama, kin kuma san bulalar da kika sha a kanta.

Ki rubuto mini, ba waya ba. Allah ya shirye ki.

Mamanki

Laraba

Mama,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Gwaggo da mutanen gida. Na karanta takardarki sau biyu, na biyun a tsaye a bayan ƙofar ofis don kada a ga fuskata.

Yaya ya ɗauko maganar daga tsakiya, kamar yadda ya saba. Ki bari in faro miki daga farko.

Murfin yana da wani ɗan haƙori na roba daga ciki. Sai an danna an kuma murɗa a lokaci guda sannan ya buɗe, don kada jikoki su ɗauka alewa ce su shanye maganin kakarsu. Injiniya ne ya zana shi. Kafin in sa hannu na yi gwaji, ke shaida ce. Na kawo akwati shida na bar muku mako guda: ke, da Gwaggo, da Malama mai ritaya, da Ungozoma, da Maman 'Yan Biyu, da maƙwabciyarki mai kaji. Na dawo da Injiniya, muka zauna a falonki, kowace ta buɗe nata a gabanmu kamar tana buɗe kwalbar mai. Na rubuta shida cikin shida. A kan wannan na sa hannu.

Yanzu a cikin kowane goma da aka sayar huɗu sun dawo. Wani tsoho ya fasa nasa da guduma, ya aiko mana da ɓaraguzan a leda. Wata kuma kwana biyu ba ta sha maganin hawan jininta ba, tana jin ƙararrawa tana kallon ƙwayoyin ta cikin roba, sai da ɗanta ya dawo daga tafiya. Allah ya sa ba ta faɗi ba.

To Mama, in naku ya buɗe na kasuwa ya ƙi, ai abin da ya fito daga masana'anta ba shi muka gwada ba. Wani ya canza awon haƙorin, kuma Injiniya kaɗai ke taɓa awo. Ya rantse bai canza komai ba. Ni ma ba na jin daɗin abin, 'ya'yansa uku ne a makaranta. Amma shugabanmu ya ce ranar Alhamis yana son suna ɗaya, kuma in ba na Injiniya ba ne, nawa ne.

Ga abin da nake roƙo. Ki karɓo mini akwatunan nan shida ki ba direba. Zan ajiye su gefe da na kasuwa a gaban kowa, a auna, a ga bambanci. Daga nan ba mai cewa na zalunci wani.

Ki huta lafiya.

Autarki

Juma'a

Auta,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso.

Maganar akwatuna, ban san inda nawa ya shige ba. Tun da aka yi fentin ɗaki kaya suka hargitse. Ungozoma ta tafi wajen 'yarta. Mai kaji ta ce tana zuba tsabar maganin kaji a nata, ba zai yi kyan gani a ofis ba. Malama kuwa kwanan nan ba ma yawan haɗuwa. Ni kuma ba zan bi gida gida ina karɓe abin da aka ba mutane kyauta ba, ba tarbiyya ba ce.

Ke da kike da digiri biyu, sai da tsohuwar roba za ki gane gaskiya? Ki nemi wata hanya. Ki ce a ɗaga taron. Ki bar mutumin nan da aikinsa, ki bar maganar akwati.

Kuma rubutunki ya lalace. Ƙarshen takardarki kamar kaza ta bi ta kai. Kina cin abinci kuwa?

Allah ya yi miki albarka.

Mamanki

Lahadi

Mama,

Ina gaishe ki.

Na kira Gwaggo jiya. Nata na nan a kan taga, ta ba direba da safe. Da na ce na gode, sai ta ce, "Ni dai ba ruwana, ki tambayi uwarki," ta kashe waya.

Na buɗe shi da yatsa ɗaya. Na juya murfin na duba ciki. Haƙorin ba ya nan. Ba karyewa ya yi ba, yanke shi aka yi, yanka mai tsafta, a ɗan karkace, irin yadda kike datse bakin zare.

Na daɗe ina kallonsa. Saura kwana huɗu taron.

Mama, wa ya yanke?

Auta

Litinin

Auta,

Assalamu alaikum. Wannan ita ce takarda ta uku da na fara yau, biyu na farko suna cikin kwandon shara. Zan faɗa sau ɗaya, ki karanta a zaune.

Ni na yanke. Duka shida.

Washegarin ranar da kika kawo akwatunan, ƙararrawa ta yi ƙara bayan karin safe. Na danna na murɗa, ya ƙi. Na sa tsumma, ya ƙi. Na matse shi tsakanin gwiwoyina, har haƙorana na sa. Ina zaune a bakin gado ina gumi, abu na ta kuka a hannuna.

Akwai abin da ban gaya muku ba, ke da yayanki. Shekara biyu kenan yatsuna sun ƙi ni. Da safe ba sa lanƙwasuwa sai na tsoma su a ruwan ɗumi. Rabona da zura zare a allura tun bara. Da na ce muku na rage karɓar ɗinki ne don na gaji da surutun mata, ba haka ba ne. Maɓallin rigata ma maƙwabciya ke ɗinka mini, ina ce mata idona ne.

Na ɗauki akwatin na tafi gidan Gwaggonki. Na tarar ta kifa tukunya a kan nata, ta ɗora turmi a sama, yana ta ƙara daga ciki. Ta ce, "Yauwa, uwar Manaja. Ki gaya mata akwatinta ya fi marigayi mijina taurin kai, shi aƙalla in an yi masa ihu yana motsawa." Na zagaya sauran. A cikin mu shida Ungozoma ce kaɗai ta iya buɗe nata, ita ma sai da ta ce kamar karɓar haihuwar fari.

Malama ta riga ta ɗauko takardar da kika bar mana, ta fara rubuta "ba ya buɗuwa" da kyakkyawan rubutunta. Na fizge takardar. Na ce ba wadda za ta kunyata mini 'ya a gaban abokan aikinta, yarinyar da ta yi wata takwas tana wahala a kan abin nan. Na tattara shidan na kawo gida. Na ce wa yayanki ya buɗe mini su zan wanke, ya buɗe ya tafi, bai san komai ba. Na ɗauko ƙaramin almakashina. Abin da da can zan yi a minti biyar, na wuni a kansa, ina riƙe almakashin da hannu biyu.

Da na mayar musu na koya wa kowace abin da za ta ce. Malama ta dube ni ta ce, "Wannan fa satar amsa ce. Da a ajina ne, da na kore ki daga ɗakin jarrabawa." Na ce mata ta yi ritaya daga aji, ta yi ritaya daga wa'azi. Ranar da kuka zo gwajin ta buɗe nata, ba ta tona ni ba. Tun daga ranar ba ta sake taka gidana ba.

Na yi ta gaya wa kaina dominki na yi. Jiya da na karanta tambayarki na zauna na auna kaina yadda nake auna wasu, na ga rabi ne kawai naki. Ɗaya rabin nawa ne. Ranar da kika kawo akwatunan Injiniya ya tsuguna a falona ya gyara mini keke, yana cewa "Mama, yanzu sai ki yi shekara goma a kai," ni kuma ban so ya ga mai keken ba ta iya buɗe murfin roba. Na fi son a ce kayanku ya yi kyau da a ce hannuna ya mutu.

Sai ga shi na zauna na cika miki takarda da wa'azin gaskiya, har da tuna miki bulala. Da kika nemi akwatunan kuma na ƙara ƙarya a kan ƙarya. Ba fentin da aka yi. Nawa yana ƙarƙashin gado. Matar nan da ta yi kwana biyu ba magani, tun da na karanta labarinta ba ta fita daga raina ba. Da ta faɗi, da almakashina ne ya kayar da ita.

Ki ɗauki takardar nan ki karanta wa shugabanku. Kada ki tsallake ko layi ɗaya. Injiniya bai canza komai ba, kada a taɓa aikinsa.

Amma kada ki ɗauka wannan ya wanke ki. Wa ya ce miki ana gwada kaya a kan matan da suka goya ki? Ko gawayi kika kawo kika ce sabulu ne, cewa za mu yi yana kumfa. Wannan naki ne, ki ɗauka.

Ban saba neman gafarar 'ya'yana ba, ban san yadda ake jera kalmomin ba. Ki yafe mini.

Mamanki

Asabar

Mama,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida hannuwanki. Na yafe, tun kafin in kai ƙarshen takardar. Na yi fushi dai, na kwana biyu ina yi, ba zan ɓoye miki ba.

An yi taron. Ban karanta takardarki ba, tawa ce, ba ta kamfani ba. Na ajiye murfin Gwaggo a kan tebur na nuna musu yankan, na ce na kasuwa da na gwaji awonsu ɗaya ne, gwajin ne ya lalace, kuma ni na lalata shi.

Ba don in rufa miki asiri na faɗi haka ba. Akwai nawa da ban rubuta miki ba. Tun farko Injiniya ya ce yana tsoron murfin zai yi wa tsofaffi tauri. Ya ce mu kai asibiti mu gwada a kan mutanen da ba su san mu ba. Na ce wannan wata guda zai ci, ƙawayen Mama mako ɗaya ne, ga shugaba na tambayata kullum yaushe kaya zai fita. Ban iya ce masa a'a ba, sai na ce wa Injiniya. A falonki, da ya ga yadda murfin ke buɗuwa, ya miƙa hannu zai juya ɗaya ya duba. Na ce lokaci ya ƙure, mota na jira. Kuma Mama, ranar na ga kin ɗauki kofin shayi da hannu biyu. Na gani sarai, na kawar da kai, domin shida cikin shida nake so in rubuta. Duk wannan na faɗa a gaban mutum tara, Injiniya na zaune yana kallon tebur.

Shugaba ya ce, "Wa ya yanke?" Na ce, "Wata tela ce, ranka ya daɗe. Ta gano matsalar a kwana ɗaya, ni na yi wata takwas ban gano ba." Ba wanda ya yi dariya.

Injiniya na nan a kan aikinsa. Ni an sauke ni daga jagorancin akwatin, an ba wata da na koya wa aiki bara, zan yi aiki a ƙarƙashinta. An mayar da teburina kusa da ƙofa, duk mai shigowa sai ya gan ni. Ba a kore ni ba. An ce a gani in sabon murfi ya yi.

Injiniya bai yi mini magana ba sai jiya da rana. Ya zo ya ajiye sababbin murfi uku a gabana, ya ce, "Mai almakashin nan nake so ta gwada. Yankan ya yi tsafta." Ya san ko wace ce, bai ambata ba.

Ki san abin da yake nufi kafin ki amsa. Ranar Laraba ne, a ofishinmu, tare da wasu tsofaffi goma sha biyu daga asibiti. Za a zaunar da ke a tebur, a kafa kyamara a kan hannuwanki, mutane na tsaye suna rubutu. Wataƙila ukun duka su ƙi buɗuwa. Ba zan tilasta miki ba, in kin ce a'a zan ce ba ki da lafiya, wannan karon kuwa ba ƙarya ba ce.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Autarki

Lahadi

Auta,

Sallama da gaisuwa.

Na je gidan Malama yau. Ta bar ni a tsaye a ƙofa na tsawon lokaci, sannan ta ce in shigo. Ta ce ita ma za ta zo, da jan bironta.

Ki ce wa direba ya biyo mana ƙarfe bakwai ranar Laraba. Ba zan tsoma hannuna a ruwan ɗumi ba, yadda suke tashi haka zan kawo su.

In kika ga ina fama, ki zauna inda kike. Kada ki taso, kada ki yi mini magana. Ki rubuta abin da kika gani.

Mamanki